Hannu da Gwiwa a Wurin Addu'a: Tarihin Wata Muhawarar Katolika, daga Roma zuwa Kurfai

Gabatarwa

A cikin babbar ibadar Kirista ƴan Katolika, wadda suke kira Misa, akwai lokacin da jama'a duka ke miƙewa tsaye su karanta addu'ar da suka gada daga bakin Almasihu, wadda aka sani da Addu'ar Ubangiji. Babu mai jayayya a kan kalmominta. Jayayyar tana wajen hannuwa. Littafin ibada ya umarci fada, wato limamin coci, da ya buɗe hannuwansa a lokacin, amma bai ce wa jama'a komai ba. Sai ka ga wannan ya haɗa tafukansa a ƙirji, wancan ya buɗe nasa ya ɗaga kamar yadda fada ya yi, wasu kuma sun riƙe hannun juna sahu-sahu. Yau shekara fiye da 50 ke nan ana ja-in-ja a kan wanne ne daidai, kuma maganar ta sha kaiwa gaban bishof-bishof, har ma fadar Fafaroma.

Mai karatu a Filinge ko Cikal yana iya cewa ina ruwan biri da gada, tun da Kurfayawa kusan dukkansu Musulmi ne, Kirista kuwa a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Ruwan kuwa akwai shi. A tsarin cocin Katolika ƙasar Kurfai tana ƙarƙashin babban bishof na Yamai, wanda ikonsa ya haɗa jihohin Yamai da Doso da Tilaberi, saboda haka wannan muhawara ta maƙwabtanmu ce da abokan aikinmu. Daɗin daɗawa, tambayar da ke ƙarƙashinta tsohuwar tambaya ce a wurinmu: wa ke da ikon faɗin abin da motsin jiki ke nufi, hukumar da ke nesa ko mutanen da suka tashi cikin al'adar? Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda cocin Katolika ya yi ta fama da wannan tambaya, domin akwai darasi a ciki ga duk mai koyarwa da mai kishin al'ada.

Jiki ma yana da harshensa

Bahaushe ba ya buƙatar a gaya masa cewa jiki yana magana. Yaro yakan durƙusa ya gai da mahaifinsa, mace takan rusuna, mai shiga fada yakan tuɓe takalmi ya faɗi gaisuwa, mahayi kuma ya dunƙule hannu ya yi wa sarki jinjina. Ba a zuba wa babba ido, ba a miƙa masa abu da hagu, ba a kuma tsaya masa a ka yana zaune. Waɗannan duka ƙa'idoji ne da ba a rubuta ba, amma wanda ya karya ɗaya daga cikinsu yakan gane kurensa nan take. Malamai ma sun daɗe da sa musu ido. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa zuba ƙasa a ka wajen gaisuwa cikin munanan al'adun sarakunan zamaninsa.

Ƙasar Kurfai tana da nata shaidar, kuma mai nauyi ce. A 1925, a garin Cikal kusa da Filinge, wasu sababbin iskoki suka bayyana a kan wata mata mai suna Zibo da mabiyanta. Su ne aka kira Hauka, ko Babule. Waɗanda suka hau kansu sukan yi tafiyar soja, su ƙame, su sara, su ba da umarni irin na hafsoshin Faransa. Sarkin Kurfai, Gado Namalaya, ya ga abin yana raunana ikonsa, ya kai ƙara. Kwamandan Yamai, Croccichia, ya sa aka kama su aka kai Yamai aka kulle. Ba bindiga aka same su da ita ba. Sun ɗauki motsin jikin masu mulki ne ba da izini ba, masu mulkin kuma suka fahimci cewa wannan ba wasa ba ne. Daga baya ƴan ci-rani suka kai Hauka har Akara, inda Jean Rouch ya ɗauke su a fim ɗinsa da ya fito a 1955. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamaki ba in ya ji cewa akwai ƴan Katolika da ke ganin laifi ne talakan coci ya buɗe hannu irin na fada.

Daga tsayuwa zuwa durƙuso

Mafi yawan mutane, in an ce Kirista yana addu'a, hoton da ke zo musu shi ne mutum a durƙushe, tafukansa a haɗe. Alhali kuwa Kiristan farko ba haka suke yi ba. Zane-zanen da ke jikin bangon tsofaffin maƙabartun ƙarƙashin ƙasa na birnin Roma suna nuna mai addu'a a tsaye, hannuwansa a buɗe, tafukan suna kallon sama. Wasiƙar farko ta Bulus zuwa ga Timoti ma ta ambaci ɗaga hannuwa wajen addu'a. Durƙuso a lokacin alamar tuba ce da baƙin ciki, shi ya sa ake ganin bai dace da ranar Lahadi ba, ranar murna.

Abin sha'awa, ɗaya daga cikin rigingimun farko da tarihi ya adana a kan wannan batu a Afirka aka yi ta. Wajen shekara ta 200, Tartuliyan, wani malamin Kirista na birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yau, ya rubuta cewa wasu ƴan tsiraru sun ƙi durƙusawa ranar Asabar, har maganar ta zama abin shari'a a coci-coci. Fatansa shi ne ko dai su bi sauran jama'a, ko kuwa su riƙe ra'ayinsu ba tare da sun zama abin tuntuɓe ga wasu ba. A 325 babban taron bishof-bishof na Nikiya, garin da ake kira Iznik a Turkiyya ta yanzu, ya yanke a dokarsa ta 20 cewa ranar Lahadi, da kwanaki 50 na bayan Ista, a tsaye za a yi addu'a, domin a samu daidaito a ko'ina.

Haɗa tafuka kuwa ya bazu ne a Turai ƙarnoni da yawa bayan haka. Masana tarihi da dama suna danganta shi da yadda barde kan durƙusa gaban ubangidansa, ya haɗa hannuwansa ya sa cikin nasa, ya yi masa caffa. Ke nan alama ce ta fadar sarakunan Turai da ta shiga coci. Wajen shekara ta 1200 kuma aka fara al'adar fada ya ɗaga gurasar da aka tsarkake sama don jama'a su gani, su kuma su zube a kan gwiwa. Sannu a hankali durƙuso ya tashi daga alamar tuba ya koma alamar bauta, buɗe hannuwa kuma ya zama na fada shi kaɗai. Bayan taron Tarento (1545 zuwa 1563), Fafaroma Piyus na 5 ya fitar da littafin Misa na 1570, wanda ya tsara motsin fada dalla-dalla. Jama'a kuwa, a ƙaramar Misa, abin da ake so gare su shi ne su zauna a kan gwiwa, sai lokacin karatun Linjila su miƙe.

Abin da za a riƙe a nan shi ne, abin da taron Nikiya ya hana ranar Lahadi shi ne ya zama ruwan dare a cocin Turai bayan shekara 1,000. Babu ɗaya daga cikin waɗannan siffofi da ya sauko a shirye. Kowannensu yana da garin da aka haife shi.

Darasin ƙasar Sin

Sai da ƴan mishan suka fita daga Turai sannan wannan gaskiya ta zame musu matsala. A ƙasar Sin, Matteo Ricci, wanda ya rasu a Bejin a 1610, da ƴan'uwansa na ƙungiyar Jezuwit sun lura cewa mutane suna rusunawa har goshi ya taɓa ƙasa a gaban allunan sunayen kakanninsu da na Konfushiyas. Suka ce wannan girmamawa ce ta zaman jama'a, Kirista yana iya yi. Wasu ƙungiyoyin mishan suka ce a'a, bautar gumaka ce tsagwaronta. Da fari Roma ta nuna sassauci a kan al'adun ƙasar. A 1615 ta yarda fada ya yi Misa da hula a kansa a ƙasar Sin, domin a can, kamar a ƙasar Hausa, tsayawa gaban babba kai ba hula rashin ladabi ne, alhali a Turai tuɓe hular shi ne ladabi. A 1659 kuma ofishin yaɗa addini na Roma ya gargaɗi wakilansa da kada su kwashi Faransa ko Sifen ko Italiya su kai wa mutanen Sin.

Amma da rigimar ta yi tsanani, sai Fafaroma Kilemen na 11 ya haramta waɗannan al'adu a 1704, ya ƙarfafa hanin a 1715, Benedik na 14 kuma ya rufe ƙofar muhawara a 1742. Sarki Kangxi, wanda a dā yake maraba da ƴan mishan, ya fusata da ganin baƙi suna fassara masa ma'anar gaisuwar ƙasarsa, magajinsa kuma ya haramta addinin a 1724. Sai a watan Disamba na 1939, zamanin Piyus na 12, Roma ta janye hanin. Kusan shekara 200 cocin ya yi yana biyan kuɗin hukuncin da aka yanke daga nesa a kan rusunawar da masu hukuncin ba su tashi cikinta ba.

Misa ta iso Nijar

Wannan tsohuwar Misa ta 1570 ita ce ta iso ƙasarmu. Fada François Faroud ya kafa mishan na farko a Yamai a 1931. A 1942 Roma ta mai da Yamai yankin mishan mai zaman kansa, a ƙarshen shekarun 1940 kuma, zamanin da ƙungiyar Redamtoris ta karɓi aikin, aka buɗe mishan a Dogon Dutsi, cikin Arawa, maƙwabtan Kurfayawa. A 1961 Yamai ta samu bishof nata na farko, Hippolyte Berlier. A duk tsawon wannan lokaci da Latin ake ibadar, fada yana fuskantar bagadi, jama'a suna bayansa. Ga Bahaushen da ya leƙa, tsarin ba baƙo ba ne ƙwarai: jagora a gaba, sahu a baya, kowa ya fuskanci wuri guda, ana karatu da harshe mai alfarma wanda ba shi ake magana da shi a gida ba.

Babban taron Batikan na Biyu (1962 zuwa 1965) shi ya sauya wannan. Kundinsa na ibada, wanda ya fito ranar 4 ga Disamba 1963, ya nemi jama'a su daina zaman ƴan kallo, su shiga ibada da amsawa da waƙa, har da motsi da tsayuwar jiki. Ya ce cocin ba ya son tilasta kamanni ɗaya a kan abin da bai taɓa imani ba, ya kuma buɗe ƙofa ga harsunan gida da al'adun al'ummu. Umarnin da ya biyo baya a 1964 ya ba da damar a janye bagadi daga bango, fada ya juyo ya fuskanci jama'a. Amma wannan kundi dai, a sashensa na 22, ya ce babu wanda ke da ikon ƙarawa ko ragewa ko sauya wani abu cikin ibada bisa ra'ayin kansa, ko da fada ne. Duk muhawarar da ta biyo baya a tsakanin waɗannan jumloli biyu take kai da komowa. Masu son sakewa suna riƙe da ta farko, masu son tsari suna riƙe da ta biyu, kuma kowa yana da gaskiyar cewa daga kundin ya ɗauko hujjarsa.

Kinshasa ta zauna don girmamawa

A Afirka, amsar da ta fi kowace ƙarfi daga Kwango ta fito. Bishof-bishof na ƙasar, da Kadinal Joseph Malula na Kinshasa a sahun gaba, sun fara aikin tsara Misa mai jinin Afirka a 1969. Sai ranar 30 ga Afrilu 1988 Roma ta amince da ita, da sunan littafin Misa na Roma domin yankunan Zayar. A cikinta ana shigowa da taku mai rangaji, ana kiran waliyyai tare da kakannin da suka yi zaman gaskiya, jama'a kuma sukan ɗaga hannu tare da fada wajen addu'a.

Sauyin da zai fi jan hankalin Bahaushe shi ne na karatun Linjila. A tsarin Roma kowa yakan miƙe tsaye, domin a Turai tsayuwa ce girmamawa. A tsarin Kwango kuwa zama ake yi, domin in babba zai yi magana, na ƙasa da shi zama suke su kasa kunne. Wannan ita ce ƙa'idar zauren Bahaushe da ta makarantar allo. Niyya ɗaya ce, siffa biyu masu kishiyantar juna, kuma Roma ta sa hannu a kan dukansu. Fafaroma Faransis ya yi wannan Misa da kansa a babban cocin Bitrus na Roma ranar 1 ga Disamba 2019. Sai dai a lura da tsawon jiran, shekara 19 tsakanin farawa da amincewa, kuma izinin na Kwango ne kaɗai. Ƙa'idar gaba ɗaya, kamar yadda take a gabatarwar littafin Misa na 2002, ita ce tsayuwa da zama da durƙuso tare alama ce ta haɗin kan jama'a, majalisar bishof-bishof ta kowace ƙasa kuma ita ke da ikon daidaita su da al'adun mutanenta, da yardar Roma.

Rigimar hannuwa

Riƙe hannun juna a lokacin Addu'ar Ubangiji bai bi ta wannan ƙofa ba. Daga ƙasa ya tsiro, a ƙananan tarukan addu'a na Amurka da Turai a shekarun 1960 da 1970. Ana yawan danganta yaɗuwarsa da ƙungiyar farfaɗowa ta masu neman baiwar Ruhu Mai Tsarki, wadda ta fara a jami'ar Duquesne ta Amurka a 1967, ta kuma iso Afirka ta Yamma daga baya. Masu yi suna cewa addu'ar da kanta tana kiran Allah da sunan jama'a duka, to me zai hana ƴaƴan gida ɗaya su nuna haka da hannuwansu? Masu ƙi suna cewa ba ya cikin littafi, yana tilasta wa mai kunya, yana kuma shiga gaban gaisuwar salama da ke biye da shi. Tun a 1975 mujallar ofishin ibada na Roma ta bayyana shi da cewa motsi ne da mutane suka shigo da shi da kansu, ba ya cikin ƙa'idoji.

Maganar buɗe hannuwa ta fi wannan sarƙaƙiya. Masu yi suna da hujjar tarihi, tun da ita ce siffar Kiristan farko. Masu ƙi suna kafa hujja da wani umarni na Roma na 1997, wanda ya hana waɗanda ba a naɗa ba kwaikwayon motsin da ya keɓanta ga fada. Masu yi sai su amsa cewa a wannan addu'a fada ba a madadin jama'a yake roƙo ba, tare da su yake yi. Bishof-bishof na Italiya sun halatta buɗe hannuwa tun a littafinsu na 1983. Na Amurka sun ce littafi bai ƙayyade wa jama'a wata siffa ba. A ƙasar Filifin, a 2023, bishof na Dumaguete ya umarci jama'arsa da su haɗa tafuka kawai, ba a daɗe ba hukumar ibada ta majalisar bishof-bishof ta ƙasar ta ce ɗaga hannu da riƙe hannu duka babu wanda littafi ya hana ko ya wajabta.

Ƴan Afirka ta Yamma biyu sun riƙe ofishin da ke kula da waɗannan al'amura a Roma. Kadinal Francis Arinze na Nijeriya ya shugabance shi daga 2002 zuwa 2008. Da aka tambaye shi a 2003 ko wanda ya karɓi gurasa mai tsarki ya koma wurinsa yana iya durƙusawa ko zama alhali wasu suna tsaye, ya amsa cewa manufar doka ita ce a samu daidaito cikin yalwa, ba a ɗaure mutane tamau ba. Umarnin da ofishinsa ya fitar a 2004 ya hana a ƙi ba mutum gurasar don kawai ya zo a durƙushe ko a tsaye. Kadinal Robert Sarah na Gine, wanda ya riƙe ofishin daga 2014 zuwa 2021, ya yi kira a Landan a watan Yuli na 2016 da fada su koma fuskantar gabas tare da jama'a, amma cikin ƴan kwanaki fadar Fafaroma ta bayyana cewa babu sabon umarni a kan haka. Ashe ko a can ƙoli ba a taru a kan magana ɗaya ba.

Yadda abin yake a idon Bahaushe

Cocin Katolika na Nijar ƙarami ne, amma taron dangi ne. A ƙarƙashin Yamai, wadda ta zama kujerar babban bishof a 2007, da Maraɗi, wadda ta samu bishof nata a 2001, akwai iyalan da asalinsu Benin ne ko Togo ko Burkina Faso, akwai Gurmawan Makalondi, da mutanen Dolbel, da Hausawan Dogon Dutsi. Laurent Lompo, wanda aka naɗa babban bishof na Yamai a 2014, shi ne ɗan Nijar na farko a wannan kujera. Kowace al'umma daga cikin waɗannan da irin tarbiyyar jikin da ta taso da ita, kuma duk suna zaune a tsakiyar Musulmi masu lura da abin da suke yi.

In aka auna siffofin nan da ma'aunin Hausa, sakamakon ba irin na Amurka ba ne. Buɗe tafuka sama, wanda ake tuhuma a can da kwaikwayon fada, a nan shi ne siffar roƙon Allah da kowane yaro ya sani, a wurin suna da ɗaurin aure da jana'iza. Riƙe hannu kuwa, wanda a can ake ganin alamar zumunci ce mara illa, a nan yana da iyaka. Abokai maza sukan yi tafiya hannu cikin hannu, ba mai cewa komai, amma a ce mutum ya kama hannun surukarsa, ko matar wani, a bainar jama'a, wannan ya ci karo da kunya. Haka karɓar gurasa a hannu, wanda Roma ta ba da izininsa a 1969 ga ƙasashen da suka nema. Inda aka saba koyar da ɗora hagu a kan dama, gurasar a tafin hagu take sauka, hannun da Bahaushe ba ya karɓar kyauta da shi. Alhali koyarwar ƙarni na 4 da ake dangantawa da Siril na Ƙudus ta ce hagu ta zama gadon sarautar dama, a karɓa da dama. Kalmar ibadar ma tana da nata labarin: Kirista masu jin Hausa suna kiran taronsu na Lahadi sujada, ko da yake goshi ba ya taɓa ƙasa. Harshe ya riƙe sunan motsin, jiki ya ɗauki wata siffa.

Musulmin ƙasar Hausa su ma sun ɗanɗana irin wannan gardama, kuma tasu ta fi zafi. A mazhabar Malikiyya an daɗe ana salla da sakin hannu, wato sadalu, bisa ruwayar Mudawwana, ko da yake hadisin ɗora dama a kan hagu yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937, tasirinsa ya bazu, almajiransa suka yaɗa ƙabalu. Ya rubuta Raf'ul Malam yana kare shi, Shehu Nasiru Kabara na Ƙadiriyya kuma ya rubuta Ƙam'ul Fasad yana fifita sadalu a waɗannan ƙasashe. Wurin da mutum ya ajiye hannunsa ya zama tutar da ake gane ɓangarensa, a lokacin da rigimar ɗariƙu ta cuɗanya da ta sarauta da siyasa. An yi tarzoma a lardin Sakkwato a 1949 da 1956, a 1965 kuma aka rasa rayuka a yankin Argungu. A Nijar, garin Kiyota, wanda ke cikin kwarin Dallol Boso kudu da Filinge, ya zama babbar cibiyar almajiran Inyas a hannun Shehu Abubakar Hashimu, wanda ya rasu a 2004. A yau kuwa mai ƙabalu da mai sadalu sukan tsaya kafaɗa da kafaɗa a sahu ɗaya a masallatai masu yawa. Hujjojin suna nan yadda suke a littattafai. Zafin ne ya ragu, da mutane suka daina karanta biyayya ko tawaye a hannun ɗan'uwansu.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna abu biyu da ba su rabuwa. Jama'ar da ke ibada tare tana buƙatar siffa ta tarayya, in ba haka ba sahu ya watse, kuma masu kare littafi a cocin Katolika wannan suke tsoro. Amma siffar da aka ɗauko daga wata ƙasa tana zuwa da ma'anar ƙasarta, in an sauke ta a wani wuri tana iya faɗin akasin abin da ake nufi. Inda hukuma ta yanke hukunci daga nesa ba ta tambayi masu al'ada ba, kamar a ƙasar Sin, an yi asarar ƙarnoni. Inda ta saurara, kamar a Kwango, ko ta bar yalwa, kamar a amsar Arinze, ba a ji an rasa komai na imani ba. Shawarar da Tartuliyan ya bayar shekara 1,800 da suka wuce, cewa mai saɓanin ra'ayi ya riƙe nasa ba tare da ya zama abin tuntuɓe ga wasu ba, har yanzu ita ce ta fi aiki.

Akwai kuma aikin da ya rage wa malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu. Mun tattara karin magana da tatsuniyoyi da kirari, amma harshen jiki mun bar shi a baya, ga shi kuwa yana sauyawa a gaban idonmu. Durƙuson gaisuwa kansa ya zama abin muhawara tsakanin malamai tun bayan kafuwar Izala a Jos a 1978. Ya kamata a zauna da dattawan Kurfai, maza da mata, a rubuta wa ke durƙusa wa wa, yaushe ake tuɓe takalmi, wane hannu ke bayarwa, wa ba ya taɓa hannun wa, da sunan kowane motsi a bakinsu. Duk wanda zai yanke hukunci gobe a kan yadda za a tsaya gaban Ubangiji ko gaban babba, limami ne ko fada ko malamin aji, zai samu abin dubawa kafin ya yi magana. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma sai wanda ya san abin da durƙuso ke nufi a garin zai gane haka.